Hawan Hasumiyar Bakin Teku

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya yi tudu Ya yi ruwa, Ya kuma yanka wa kowane bawa inda zai ci abincinsa.

Ɗana na fari ba na kiran sunansa. Haka na tarar ana yi a gidanmu a Jega, haka mahaifina ya yi da yayana har ya koma ga Allah. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Ba na zama da shi a tabarma ɗaya, ba na tambayarsa abin da ke damunsa, idan ina da magana sai in ba wani ya kai masa, ko da kuwa yana tsaye a bakin zaure yana jina. Uwarsa ma haka, ta ma fi ni. A haka ya girma, ya yi karatun allo, ya taɓa na boko gwargwado, sannan ya bi motocin albasa daga Aliero zuwa Legas, ya zauna can yana saye da sayarwa.

Shekaru suka yi ta tafiya lafiya. Direbobin da ke ɗaukar albasa sukan tsaya a Jega su kawo mana gaisuwarsa, wani lokaci da ɗan saƙo. Sai wata shekara, bayan an kwashe albasar rani, na lura gaisuwar ta daina zuwa ta bakinsu. Na tambayi wani direba a tasha, ya ce shi dai ya jima bai gan shi a kasuwa ba, har rumfarsa wani ke zaune a ciki. Na tambayi wani, ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba, kuma yadda ya faɗa bai kwanta mini ba. Yaron yana kiran ƙannensa a waya, yana cewa lafiya lau, amma sai ya yi kwanaki wayarsa ba ta shiga. Uwarsa ce ta fara cewa duk sanda ya kira tana jin iska tana kaɗawa a bayansa, alhali da can hayaniyar kasuwa take ji. Ba ta ce in je ba. Ta dai daina cin abincin kirki, ni kuma na gane.

Ina da taubashi a Gumbin Kure, ɗan ƙanwar mahaifina, manomi ne mai baki, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Shi ne bakina wajen yaron tun yana ƙarami. Na aika masa, ya ce zai je, amma in san cewa bawa ne zai yi wa ubangidansa rakiya, kuma ni ne bawan. Na shiga motar albasa a Jega, muka ɗauke shi a Maiyama yana tsaye da buta da 'yar jakarsa, muka bi ta Koko da Yawuri muka nausa kudu.

Yaron ya tarye mu a inda ake sauke kaya. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe kamar yadda na saba, amma na gan shi sarai. Ya yi baƙi, ya rame a fuska, kafaɗunsa kuma sun buɗe. Da ya miƙo hannu ya karɓi jakata sai na ji wani abu ya ɓace. Duk wanda ya zauna cikin albasa, warinta ba ya barin rigarsa ko ya wanke ta da sabulu mai tsada. Shi ba na jin komai a jikinsa sai wani wari kamar na baƙin mai. Na ajiye wannan a raina.

Bai kai mu ɗakinsa ba. Ya sauke mu a wurin wani dattijo ɗan ƙasarmu da ke da ɗakin baƙi kusa da masallaci. A wurinmu idan uban mutum ya zo, ɗakinsa yake kai shi ko da akurki ne, maƙwabta su shigo su gaisa, a nan uba yake gane da su wa ɗansa ke zaune. Taubashina ya tambaye shi ina ɗakin nasa, ya ce da nisa, kuma ana gyara. Ya tambaye shi kasuwa, ya ce alhamdulillahi. Daga nan ya ce gobe yana so ya kai mu mu ga wani wuri a bakin teku, wata tsohuwar hasumiya da ake kunna wa fitila a samanta don jiragen ruwa su gane hanya. Ya ce wurin da kyau, mutane suna zuwa kallo.

Taubashina ya tambaye shi wa ke zaune a can da za mu gaisar. Ya ce babu kowa sai mai gadi. Ya tambaye shi ko kabarin wani bawan Allah ne, ya ce a'a. Kasuwa ce? A'a. Taubashina ya juyo gare ni ya ce, “Malam, ka ji. Mun baro gona, mun kwana bisa buhu, don mu tai mu gaida gini.”

Na yi dariya don kada yaron ya ji kunya, amma zuciyata ba ta yi ba. Mu ba ma tafiya don kallo. Mutum yana fita gaisuwa, ko ta'aziyya, ko kasuwa, ko neman magani, ko neman ilmi. Wanda ya ce zai ɗauke ka yini guda ya kai ka inda babu kowa, to akwai inda ba ya so ka je. Na riƙa juya abin: ko mace ya ajiye ba da aure ba, ko ya faɗa cikin mashaya, ko ya shiga wata sana'a da ba a faɗa. Har na yi tunanin ko ya bar salla ne, na nemi tsarin Allah daga wannan tunani, amma bai tafi ba.

Da safe ya zo da burodi da ruwan leda, muka shiga mota zuwa wani wuri da kwalekwale masu inji ke jere. Ni ruwan da na sani shi ne gulbinmu, wanda da rani yara ke tsallaka shi da ƙafa, sai kuma na Yawuri da na gani ta tagar mota. Wannan ba shi da ɗaya gaɓar. Mai kwalekwalen da muka nufa yana ganin yaron ya washe baki, ya kira shi da wani suna da ban taɓa ji ba, suka tafa, suka yi magana da harshen can. Ya ba mu wasu riguna masu kauri da ke hana mutum nutsewa. Ni da taubashina muka tsaya muna juya su, shi kuwa kafin ka ce me ya ɗaura tasa, ya zo ya ɗaura wa taubashina, wanda yake kira kawu, sannan ya tsaya a gabana yana jira. Na ɗaga hannuwa ya ɗaura mini, kowannenmu yana kallon wani wuri. A nan na ga tafin hannunsa, ya yi kanta, da tsagogi da baƙi ya shiga cikinsu.

Kwalekwalen ya tashi. Taubashina ya rungume katako yana salati da ƙarfi, yana cewa idan ya mutu a nan ni zan amsa tambaya, kuma bai yafe mini gonarsa ta fadama ba. Ni kuwa idona yana kan yaron. Yana tsaye. Igiyar ruwa tana ɗaga mu tana sakewa, shi ko dafa wani abu bai yi ba, gwiwoyinsa kawai ke lanƙwashewa suna bin ruwan. Da injin ya yi tari ya mutu a tsakiyar hanya, kafin mai shi ya juyo, yaron ya riga ya tsuguna ya taɓa wani abu, injin ya tashi. Wanda ke sayar da albasa ba a nan ya koyi wannan ba. Na taɓa jin ana cewa akwai masu satar mai a cikin ruwa, akwai masu shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya.

Muka sauka a wani tsibiri, muka bi ta cikin wani ɗan ƙauyen masunta, sannan muka shiga rairayi mai zafi da bishiyoyin kwakwa jefi-jefi. Tafiya ce mai ɗan nisa, kuma muna ƙara gaba mutane suna ƙarewa. Taubashina ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, “Wanga wuri ko an yanka mutum ba mai ji.” Na ce masa ɗanmu ne fa. Ya ce ya sani, amma su wa ɗan namu ya sani?

Sai ga ta. Doguwa ce, fara, fentin ya ɓaɓɓare, gishiri ya ci ƙofarta ta ƙarfe. Tana tsaye ita kaɗai a kan ɗan tudu, ba gida kusa da ita sai wata 'yar rumfa. Da a ƙasarmu ce da na ce hasumiyar masallaci ce da masallacin ya rushe ya bar ta. Bayanta teku ne kawai, yana ta bugun gaɓa ba hutawa. Ba zan ɓoye ba, wurin yana da kyau, irin kyan da ke sa mutum ya yi tasbihi ko bai yi niyya ba. Amma ni ba kyau na zo nema ba.

Azahar ta yi. Na jira in ga wa zai fara tunawa. Yaron ne ya dubi inuwarsa ya ce wa kawunsa lokaci ya yi. Ruwan ledarmu ya kusa ƙarewa, sai ya nufi teku ya tsuguna inda kumfa ke ƙarewa ya fara alwala. Na karanta tun ina saurayi a gaban malaminmu cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, amma ban taɓa zaton zan yi aiki da wannan babi ba. Taubashina ya kurkure baki ya tofar, ya ce wannan miyar an cika mata gishiri. Yaron ya nuna mana alƙibla ba tare da ya yi wata-wata ba, na ja mu salla a kan rairayi. Na ji sauƙin abu ɗaya. Sauran suna nan.

Mai gadin, wani tsoho mai rigar sanyi duk da zafin, ya buɗe mana ƙofa. Shi ma ya san yaron. Ciki da duhu da warin tsatsa, matakala ce ta ƙarfe tana murɗawa sama, ƙunci gare ta, mutum ɗaya take ɗauka. A bango mutane sun rubuta sunayensu da boko, sai can a wani lungu na ga wani ya rubuta bisimilla da gawayi, da irin rubutun allonmu. Na ce ashe wani namu ya riga mu zuwa.

Yaron yana gaba, ina bin sa, taubashina yana baya yana haki. Ba mu yi nisa ba ya leƙa ƙasa ta tsakanin ƙarafan, sai ya zauna daɓas. Ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa hawa abin da ya fi rumbu ba, kuma ba yau zai fara ba. Na ce masa ya daure, ai saboda shi na zo da shi. Ya gane abin da nake nufi sarai. Ya dube ni ya ce, “Malam, bakinka na nan tare da kai. Hau.” Ya juya ya fara sauka da baya kamar mai saukowa daga bishiya.

Na tsaya. In na sauka, na koma Jega da abin da na zo da shi. In na hau, babu wanda zai tsaya tsakanina da yaron, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yanka masa rago. Na yi bisimilla na ci gaba.

A sama akwai wani ɗaki na gilashi da babbar fitila a tsakiya, sai ɗan baranda da ya zagaye shi. Iska ta kusa cire mini hula. Daga nan ana ganin ƙauyen masuntan kamar an zuba tsakuwa, ana ganin birnin can nesa cikin hayaƙi, sannan ga jirage manya-manya a kan ruwa sun yi layi suna jira. Na riƙe ƙarfen barandar da hannu biyu. Yaron ya tsaya ɗan nesa da ni, mu duka muna fuskantar teku. Muka daɗe a haka. Na gane shi ma kawun nasa ya so ya hau, shi ma da bakin aro ya shirya yin magana.

Daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, “Baba, ka ga wancan mai shuɗin gindi, na bayan babban? Ciki nake aiki.”

Ya ci gaba yana yi wa ruwa bayani. Ya ce damina biyu da suka wuce motar da ta ɗauko masa kaya ta lalace a hanya, ruwa ya dake ta, albasar ta iso a ruɓe, abin da ya tara duk ya tafi a nan. Ya ji kunyar komawa gida hannu wofi, ya ji kunyar a ce ɗan wane yana dako a kasuwar da ya yi rumfa. Wani da yake sayen albasa a wurinsa don masu dafa abincin jirgi shi ya yi masa hanya. Jirgin kamun kifi ne, shi yana ɗakin inji. Ba shi da ɗaki a gari, a jirgin yake kwana, shi ya sa bai kai mu ko'ina ba. Zuwa yanzu kusa suke zuwa su dawo. Amma yanzu za su yi doguwar tafiya, watanni, inda waya ba ta kaiwa, kuma ba ya so ya tafi ban sani ba. Ya ce ya rasa yadda zai faɗa, sai ya ga gara ya kawo ni inda zan gani da idona.

Abin da na ji a lokacin ba abu ɗaya ba ne. Na gode wa Allah da ba mace ba ce, ba sata ba ce. Sai kuma wani tsoro sabo ya zo ya zauna inda tsohon ya tashi. Na dubi jirgin, ƙarami ne a cikin wannan ruwa kamar ƙwaryar da ta kuɓuce wa mai wanki.

Na tambaye shi yadda suke salla jirgi yana juyawa. Ya ce akwai musulmi a ciki daga wasu ƙasashe, suna duba alƙibla su tayar, in ruwa ya yi hauka su yi a zaune. Na tambaye shi abinci, ya ce kifi ne da shinkafa, mai dafawar ma musulmi ne. Na tambaye shi ko da takarda suke kamun, ko irin na ɓoye ne, ya ce da takarda. Sai na yi tambayar da ta fi damuna. Na ce idan ajali ya riski mutum a can, wa zai wanke shi, ina za a sa shi? Na taɓa jin ana jefa mutum a ruwa. Ya ce suna da ɗakin sanyi, ana ajiye mutum har a zo tudu. Ya faɗa da sauri, kamar wanda ya san za a tambaya ya shirya amsa. Ban sani ba ko gaskiya ce, ko don ya kwantar mini da hankali ne.

Na ce ya zo mu je gida ya faɗa wa uwarsa da kansa, sannan a yi shawara. Ya ce jirgin zai tashi kafin ya je ya dawo, in kuma ya tashi babu shi, wani za a sa a gurbinsa.

Na ce, “To in na ce ban yarda ba fa?”

Ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji ƙarar ruwa ta cika mini kunne. Sannan ya ce, “Sai in bari, Baba.”

Na juyo na dube shi sosai, ido da ido, abin da ban tuna ranar da na yi ba. Ya sunkuyar da kai. Na nemi in gane ko izini yake nema, ko kuwa ya riga ya gama shirinsa yana so ne kawai in sa albarka a kan abin da ba zan iya hanawa ba. Fuskar ba ta gaya mini ba. Ashe ban san fuskar ba sosai, na daɗe ina kallon gefenta. Na yi tunanin in ce a'a in ga abin da zai yi. Sai na ga in ya bi maganata, na mayar da shi Jega ya zauna a zaure yana kallon ƙannensa suna fita nema. In kuma bai bi ba, na jefa shi cikin saɓa wa mahaifi, sannan ya shiga wannan ruwa da fushina a kansa. Wannan na biyun ne ban iya ɗauka ba.

Na ce masa ya je. Na ce ya riƙe salla, kada ya ci abin da bai sani ba, kuma ranar da ya taka tudu, kafin ya nemi abinci ya nemi mota zuwa gida. Na karanta masa addu'ar matafiyi, ya ɗaga hannu, iska tana kwashe rabin kalmomin. Da muka shafa ya ce in bar shi ya riga ni sauka, don in na zame ya tare ni.

A ƙasa muka tarar da taubashina a rumfar mai gadi, an fasa masa kwakwa yana sha, suna hira da hannu tunda ba mai jin harshen wani. Ya dube ni, ya dubi yaron, bai tambayi komai ba, ya ce dai ruwan wannan abin ya fi na tekun hankali. Sai a mota, bayan mun wuce Kwantagora a hanyar dawowa, na ba shi labari. Da zai sauka a Maiyama ya ce wannan saƙon kam ba zai kai mini ba, ni na yanke, ni zan faɗa.

Na iso gida da la'asar, uwarsa tana tankaɗe a tsakar gida. Na zauna a bakin ƙofar ɗaki na faɗa mata duka, ban rage ba, har da shirun da ya yi kafin ya amsa mini. Ba ta daina tankaɗen ba. Da na gama ta tambaye ni ko ruwan yana da yawa. Na ce yana da yawa. Ta ce kuma na gani da idona, na ce ya je? Na ce na ce. Ta tattara garinta ta shiga ɗaki, ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Ban ga laifinta ba. A cikin kwanakin ne ƙaninsa ya zo ya ce mini ya gwada kiran wayar, ba ta shiga.